Jifa na Uku da Kun-shan Bai Yi Ba

Yayana Kun-shan ya shekara talatin yana yankan kifi a kasuwar Tainan, a teburin da mahaifinmu ya bari. Amma sassaƙa ce a ransa. Duk guntun icen da ya tsinta sai ya mai da shi tsuntsu.

Da ya cika hamsin, na ja shi ɗakin bauta ya tambaya ko ya bar kifi. Ya kunna turare, ya faɗi sunansa, ya ɗauki 'yan katakon nan biyu masu kama da jinjirin wata. In ɗaya ya kife ɗaya ya faɗi rigingine, an amince ke nan, amma sai sau uku a jere.

Ya jefa, aka amince. Ya sake, aka amince. Sai ya ajiye su a hankali.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Yaya, saura ɗaya fa! Jefa mana!"

Ya ce, "In aka amince, wa zai gaya wa Baba?"

Lokacin Baba ya shekara tara a kabari. Bara Kun-shan ya rasu, da ƙarnin kifi a hannunsa.