Alhamis Ɗin Da Lorin Sinja Ta Bar Ni

Ranar wata Alhamis, shekarar da nake aji huɗu, dawa ta nuna saura girbi, na tsaya gindin darbejiyar bakin hanyar ƙauyenmu sanye da jallabiyar Sallah, ƙafafuna sun sha man riɗi, ina jiran lorin Kawu Haruna. La'asar aka ce mini, ni kuwa na iso tun ladan bai kira ba. Ban tarar da komai ba sai sawun taya da ɓawon albasa. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, lori kam tun azahar tat tashi."

Mu huɗu ne a lokacin, ni da Usmanu da Sale da Bashir, gonakin iyayenmu a jere. Aikinmu korar tsuntsu: kowa da dandamalinsa na kara a tsakiyar dawa, da majajjawa, da igiya mai gwangwanaye. Kawu Haruna, ƙanin mahaifiyar Usmanu, yakan kai albasa birnin Sinja duk Alhamis, ya shiga sinima, ya kwana, ya dawo da hantsin Juma'a. Ya ce zai riƙa ɗaukar yaro ɗaya, ɗaya tak. Sai muka ƙulla alkawari: duk wanda ya tafi, ukun za su tsare masa gona, shi kuma ya dawo ya zayyana musu labarin bai rage komai ba. Muka ja tsinke, na ja mafi gajarta, na zama na ƙarshe.

Mako uku na yi ina tsaron dawar wasu. Fim ɗin kashi huɗu ne, labarin wani jarumi da ya tafi ƙwato ruwan garinsu daga hannun maciji mai kai bakwai. Usmanu ya fara zuwa, ya dawo yana saran iska da kara, mu kuwa baki buɗe har tsuntsu ya sauka ba mu sani ba. A makon Sale tsuntsun jan-baki ya cinye gefen gonarmu ina can ina gadin tasa. Babana ya zane ni da tsumagiya, ban faɗi sunan kowa ba. Bashir ya dawo ya bar mana jarumin a ƙasan rijiya, takobinsa ya karye, macijin saura kai ɗaya. Kwana shida na yi ina alfaharin cewa ni zan ga yadda zai fito.

Daga gindin darbejiyar na wuce gona. Sale ya sunkuyar da kai yana gyaran igiyar da ba abin da ya same ta. Bashir ne ya iya buɗe baki. "Ya zol, abokina, kar ka ji haushi. Kashi na ƙarshe na, kai ko ba ka bin tarjama. In kat tafi, ƙarshen ya ɓace muna duka. Usmanu munka tura." Tarjama ita ce rubutun Larabcin da ke gudu a ƙasan hoton. Gaskiya ne, a ɗakin kakata na tashi, ita kuwa ko gaisuwa da Hausa take yi, karatun Larabcina a lokacin tafiyar hawainiya ne. Amma sun san haka ranar da muka ja tsinke, sun san haka ranar da na sha tsumagiya. Tun Talata suka gama shawara, suka bar ni ina wanke jallabiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne da Bashir ya ce tunda na zo, in hau dandamalin Usmanu. Kuma na hau. Mahaifiyarsa ba ta da komai sai wannan gona, dawarta ba ta yi mini laifi ba. Na ja igiya har magariba da kayan Sallah a jikina, ina kuka, ina ce wa kaina ƙura ce.

Da Usmanu ya dawo ya miƙo mini alewa, na ƙi karɓa. Suka zauna jin ƙarshen labari, ni kuwa na koma can nesa ina dukan gwangwani don kada kalma ɗaya ta shiga kunnena. Sun ce mako mai zuwa nawa ne. Mako mai zuwa aka shiga girbi, lorin ta koma ɗibar leburori zuwa Damazin, kafin wata kaka kuma an rufe sinimar.

Yanzu 'ya'yana a waya suke kallon irin waɗannan finafinai, kowa shi kaɗai, ba wanda ke tsare wa wani gona. Larabcinsu ya fi nawa, in na ce su ba ni labarin da Hausa sai su tsaya a rabi suna dariya. Ni da Usmanu muna haɗuwa wajen suna da ta'aziyya, duk mun yi furfura. Sau ɗaya ya ce bari ya faɗa mini yadda jarumin ya ƙare, na ce ya bari. Ni ya kamata in gani in ba su labari. A wurina har yau mutumin nan yana cikin rijiya.