Fartanya Huɗu

Talata ce, lokacin noman firi. Ina hutun makaranta. Da asuba Inna ta dama kunu. Muka sha, muka shirya zuwa gayya a gonar Kawu Sale, wanda ciwon ƙafa ya kwantar.

Wata biyu ke nan wani jirgi mara matuƙi yana shawagi a samanmu. Rediyo ta ce wata babbar ƙasa ce ta kawo shi, bayan ta ƙulla yarjejeniyar soja da tamu. Su ne ke leƙe daga sama, namu kuma su yi harbi. Mun saba da ƙararsa, kamar injin markaɗe daga nesa.

Ƙarfe bakwai muka fita. Kamar kowace gayya, muka jeru a burtali, kowa da fartanya a kafaɗa. Ana kaɗa gangar noma, samari na ihu, suna ɗaga tasu sama. Baba na gaba da yayyena, Habu da Lawan. Ni ne a ƙarshe, don silifas ɗina ya tsinke.

Bakwai da kwata ƙarar ta sauya. Na ji fito mai tsawo. Ƙasa ta tashi. Gangar noma ta yi shiru.

Wani ya ƙwala ihu: "Ku kwanta! Ku bar hanya!"

Na faɗa ramin da ake haƙar ƙasar gini. Bam na biyu ya sauka kusa da tsamiya. Kunnena na dama bai sake ji ba.

Ƙarfe takwas na ja Inna muka bi mata da yara ta cikin gonaki. Ba ta ɗauki ko mayafi ba. Da azahar muka isa Zakirai, aka buɗe mana ajin firamare.

Bayan la'asar wani ya kunna rediyo. Aka ce haɗin gwiwar ya tarwatsa ayarin ƴan bindiga. Jakadan babbar ƙasar ya yaba. Namu suka yi godiya, suka ce za a tsawaita yarjejeniyar. A waya na ga hotonsu suna musafaha, suna murmushi. Na taɓa rubutawa a jarrabawa cewa irin wannan zumunci yana ɗaga darajar ƙasa. Malam ya ba ni cikakken maki. Na zagaya bayan aji na yi amai.

Bayan kwana uku muka koma. Dama Baba yakan ƙona alama a ƙotar kowace fartanyarmu, da ita na gane su a burtali. Na ɗauko huɗu. Na jingine uku a gindin rumbu. Na saɓa tawa na nufi gonar Kawu.