Ranar da Anti Sai-Gobe Ta Ɗauki Almakashi

Shekara goma sha tara tana taka keken ɗinki a shago ɗaya, amma ba ta yarda ta sa almakashi a yadin mutane. Ɗinki kam, sai dai a sara mata. Yanka ne dodonta. Tun tana 'yar koyo ta taɓa mantawa ba ta ninke yadi fuska da fuska ba, hannayen rigar suka fito duk na dama, aka yi ta dariya har masu shagon gefe suka leƙo. Daga ranar, duk sanda mai shagon ya miƙo mata almakashi sai ta ce, "Sai gobe, Baba." Haka sunan ya manne mata.

Abin da Baba bai sani ba, shekara guda ke nan tana riga kowa zuwa da safe. Ta yi shara, ta shimfiɗa tsofaffin jaridu a teburin yanka, ta zana da alli, ta yanka riga ɗaya, ta cusa a buhu ƙarƙashin kekenta. Kullum ɗaya, ko ana ruwa, ko mura ta kama ta. Mijinta har tsokanarta yake, wai ita kaɗai ce telar da jaridu ke kawo wa ɗinki.

Rannan wata budurwa ta shigo rungume da yadi, na mahaifiyarta ne da ta rasu, kuma babu irinsa a kasuwa. Da shi take son zuwa karɓar takardar kammala karatunta gobe. Ga shi yatsun Baba sun kumbura da sanyin ƙashi, ko alli ya kasa riƙewa. Ya fara ba ta haƙuri, idon yarinyar ya ciko.

"Kawo nan, 'yata," in ji Anti Sai-Gobe.

Kekuna uku suka tsaya lokaci guda. Ita kanta sai da ta razana da muryarta.

Ta auna yarinyar sau biyu. Ta ninke yadin, ta duba fuskarsa, ta sake dubawa. Yadin ƙarami ne, kuskure ɗaya ya isa ya gama da shi. Hannun nan da ya sha yankan jarida ya ɗauki almakashi. Almakashi ya kama hanya, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har ƙarshe. Ta ɗago hannayen rigar sama.

"Dama! Hagu!" Ta kwatsa ihu kamar ba uwar 'ya'ya huɗu ba. Shago ya kaure da tafi, budurwar ta rungume ta tana kuka tana dariya.

Baba ya juya yankan, ya sake juyawa, yana neman aibu bai samu ba. "Ke, a ina kika koya?"

Ta jawo buhun ta zazzage. Rigunan takarda suka malale har bakin ƙofa. Tsohon ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ciro babban almakashinsa, wanda ko 'ya'yansa ba ya bari su taɓa, ya miƙo mata da kumburarren hannunsa.

"Akwai yadi shida suna jira," ya ce. "Ko sai gobe?"

Ta karɓa da hannu biyu, ta goge ido da gefen mayafinta.

"Matsa min daga teburin, Baba."