Maganin Baba Ya Ƙare a Hannuna

Kafin yaƙi, aikina shi ne awon mutane. Ni likita ce, amma na daɗe da barin ɗakin marasa lafiya na koma bincike a jami'a a Hartum, a kan hawan jini da ciwon sukari, da yadda suke kai mutum ga ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Duk lokacin hutu nakan ɗauki na'urar awon jini da igiyar awon ƙugu in bi ƙauyukanmu na bakin kogi, tun daga wajen Kamlin har zuwa Suki. In zauna a rumfa, mata su yi layi suna dariya. In tambayi magidanci cokali nawa na sukari yake zuba wa shayi, ya ce biyu, matarsa ta ɗaga murya daga bayan danga ta ce ya ji tsoron Allah. Abin da na tara sai in koma in rubuta shi da Turanci, a buga a mujallun likitoci na ƙasashen waje. Kusan duk rubutun abu guda yake faɗi: ciwon nan ya shigo gidajen manoma, mafi yawansu ba su san suna da shi ba, waɗanda suka sani kuma magani ba ya isa gare su a kan kari.

Babana na cikin mutanen farko da na auna. Manomi ne, yana da hawasha a cikin gonakin noman ruwa da ke kusa da Suki, wato yankin gonar da aka ba shi yana noma auduga da dawa. Ni na gano masa sukari, ni na sa shi a kan ƙwaya, da ƙwayar ta gaza na mayar da shi allurar insulin. Bai taɓa karanta ko layi ɗaya na rubutuna ba, amma in baƙo ya zo sai ya ce, “Ɗiyata har Turawa na karatun abin da ta rubuta.”

Da faɗa ya ɓarke a Hartum na gudo gida da jaka ɗaya. Rabin jakar kwalaben allurarsa ne da ƙwayoyin hawan jini da na samu na saya kafin a rufe shaguna. Na ɗauka abin na ɗan lokaci ne, kowa ma haka ya ɗauka.

Wuta ce ta fara ɗaukewa, firji ya mutu. Insulin ba ya son zafi, don haka na cika wata tukunya da jiƙaƙƙen yashi, na binne kwalaben a ciki, na ajiye ƙarƙashin randa inda ruwa ke ɗiga. Kullum da safe in tono ɗaya in ɗaga ta a haske in ga inda ruwan ya tsaya. Da na ga hanya ba ta da niyyar buɗewa, sai na fara rage masa allurar. Da na rage allura dole in rage abinci. Na hana shi tuwo sai ɗan kaɗan, na hana shi dabino, na sa Inna ta daina zuba masa sukari a shayi.

Wata safiya ya kurɓi shayin ya ajiye kofin a ƙasa.

“Wanga mi ne ne?” in ji shi.

“Shayi ne, Baba.”

“Ruwan zafi ne dai. Ke, yunwa za ki kashe ni da ita ko ciwo?”

Na ce masa ya yi haƙuri, in magani ya zo zan sassauta. Ya kalle ni na ɗan lokaci, ya ce, “Yaushe za shi zo?” Ya ɗauki kofin ya shanye.

A lokacin makarantar ƙauyenmu ta cika da 'yan gudun hijira, har da masu kwana a gindin itatuwa. Labari ya bazu cewa daktora ta dawo gidan ubanta. Tun hantsi zaurenmu ke cika. Na'urar awon jini kawai gare ni, da ɗan abin gwajin sukari wanda takardunsa suka kusa ƙarewa. In ɗaura wa mutum a dantse, in matsa, in ga jini ya hau inda ya kamata a ce yana kwance a asibiti, sannan in kwance in ce masa ya rage gishiri, ya rage damuwa. Wata dattijuwa da ta tako a ƙafa daga wani ƙauye na yankin Jazira ta saurare ni har na gama, ta ce, “Ɗiyata, abin da muke ci dawa ce da gishiri. In na cire gishirin mi ya rage?” Ta miƙo hannu tana jiran ƙwaya. Ina da ƙwaya a ɗaki, ta Baba ce. Na bar hannunta a miƙe har ta gaji ta mayar da shi cikin mayafi.

Da kwalba ta ƙarshe ta kai rabi na ce zan tafi birnin Sinja neman wata. Kawuna, ƙanin Inna, ya ce ba zan tafi ni kaɗai ba. Muka hau bayan wata motar albasa. A hanya masu bindiga sun sauke mu sun bincike mu ya fi a ƙirga, duk inda aka tsaya Kawu sai ya ce in sunkuyar da kai kada in ce ni likita ce.

Na bi shagunan magani na Sinja ɗaya bayan ɗaya. Wasu a kulle, wasu a buɗe amma kantocin babu komai sai sabulu da maganin tari. Kuɗi na hannuna, babu abin saya. A shago na ƙarshe mai maganin ya jawo ƙofar firjinsa ya nuna mini. Babu komai ciki sai ɗumi da wari.

“Ko kwalba ɗaya,” na ce. “Ko wadda ta wuce lokacinta.”

“Wallahi ya daktora, uwata ma sukari gare ta,” ya ce.

Na fito na zauna wurin wata mai shayi a bakin kasuwa. A nan wayata ta kama layi bayan dogon lokaci, saƙonni suka yi ta shigowa. Cikinsu har da na wata mujalla: sun karɓi rubutuna na ƙarshe, suna taya ni murna, suna so in gyara jerin sunayen littattafan da na dogara da su. Rubutun kuwa a kan abin da ke samun mai sukari ne in magani ya yanke masa. Na rubuta wa duk wanda na taɓa aiki da shi, na ciki da na waje. Ban gaishe su ba ma. Na ce ubana zai mutu, ina neman insulin, ko ta hannun wa. Mutanen kirki ne, da yawansu sun amsa kafin in tashi daga wurin. Wani ya ce zai aiko kuɗi. Wata ta ce ta san direban da ke shigowa daga gabas, za ta ba shi saƙo in hanya ta yi sauƙi. Muka dawo da ƙwayoyin hawan jini 'yan kaɗan da Kawu ya samo wurin wani abokinsa.

Mun tarar Baba yana ɗingishi. Da ba na nan ya tafi hawasha buɗe wa dawa ruwa, ƙaya ta shige masa tafin ƙafa, bai ji ba sai da Inna ta ga jini a takalminsa. Na yi masa faɗa kamar ƙaramin yaro, ya ce, “In ban shayar da gona ba, mi za ku ci?”

Daga nan na san duk abin da zai biyo baya, daki-daki, don na koyar da shi, na rubuta shi. Ciwon ya ƙi warkewa. Na wanke shi da tafasasshen ruwa da gishiri, na yanke mataccen nama da reza, Baba yana riƙe da ƙafar gado yana salati. Allura ta ƙare. Ƙishirwa ta taso masa, ya sha ruwa ya fita fitsari, ya dawo ya sake sha. Rigarsa ta yi masa yawa. Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi har idon sawu, zazzaɓi ya shiga. Inna takan tare ni a madafa ta riƙe mini hannu ta ce, “Ke kin sani. Gaya mini.” Ni kuma in ce mata da sauƙi.

Wata rana da hantsi na kira shi bai amsa daidai ba. Ya buɗe ido ya kira ni da sunan yayarsa da ta daɗe da rasuwa. Muka shimfiɗa katifa a keken jaki, Kawu na kora, ni ina tafe a gefe ina kare masa rana da mayafina. A cibiyar lafiyar da muka kai shi likita ɗaya ce ta rage, idanunta sun yi ja don gajiya. Ta sa masa ruwa a jijiya, shi kaɗai gare ta. Muka tsaya ni da ita a kansa, duk mun san abin da ake buƙata, mun kuma san babu shi. Na yi ta jiƙa masa leɓe ina kiran Baba, Baba. Ya cika bayan la'asar.

Saƙon insulin da aka ba direban ya iso bayan an share makoki, a cikin tulun ƙanƙara da ƙanƙarar ta daɗe da narkewa. Ban san ko maganin na da sauran ƙarfi ba. Na kai makaranta na raba wa masu sukarin da na sani, ban tsaya ganin ko ya yi musu aiki ba, don ba a jima ba faɗa ya iso yankinmu, mu ma muka ɗaure kaya. Dawar da Baba ya shayar ba mu girbe ta ba.

Yanzu muna zaune a gidan wasu dangi can gabas, ni da Inna a ɗaki ɗaya. Abokan aikina sun ce in rubuta abin da na gani, duniya na buƙatar ta sani. Nakan buɗe wayar in rubuta layi biyu in goge.

Tun rasuwar Baba jinin Inna ya hau. Takan yi ciwon kai a ƙeya, wani lokaci ta ce hannunta na hagu ya yi nauyi. Ƙwayar da ake samu a nan yau akwai, gobe babu. Kwanan baya na ɗauko na'urar zan ɗaura mata, sai ta janye hannu.

“Akwai magani?” ta ce.

“Ana sa ran zuwansa, Inna.”

“To bari ya zo tukuna. In babu, ki ƙyale ni, ba ni son sani.”

Na zauna da na'urar a cinyata. Ta juya ta ci gaba da tsince wake a faifai, ni kuma ina kallon jijiyar wuyanta tana bugawa.