Rabon Fitilar Yaya

Yayana bai taɓa sayen sabuwar fitila ba. Ko kyauta ka ba shi, sai ya juya ta a hannu, ya ƙwanƙwasa da farce, ya ce, "Roba ce," ya miƙo maka abarka. Tsofaffi yake bi, na tagulla da gilashi, irin waɗanda ake cirowa daga gidajen da za a rushe. Masu sayen tsohon ƙarfe duk sun san shi, Mai Fitila suke ce masa, in sun hango shi sai su tura mai kyan ƙarƙashin buhu don su ja masa rai. Gyaran na mutane shi ne abin da ya riƙe gidansa da shi. Wadda ta kwanta masa a rai kuwa, ta shigo ke nan.

Ni ƙanwarsa ce, kuma ba zan wanke shi don jinina ne ba: mutum ne mai wuyar zama. Ɗakin baƙi ya cika shi da lagwani da gilasai da gwangwanayen noti. Matarsa, Allah ya jiƙanta, takan ce da ita ma tsatsa za ta kama ta, da ta samu mai dubanta. Mukan yi dariya, amma ba wasa take yi ba. 'Ya'yansa uku sun tashi suna jin "kar ka taɓa" fiye da sunayensu. Ya so su koyi sana'ar, sai dai koyarwarsa duk tsawa ce. Babban ya taɓa fasa masa gilashi ɗaya, ya sha faɗan da bai ƙara leƙa ɗakin ba, ƙannensa kuma suka bi sawunsa.

Akwai guda ɗaya da ta fi masa kowacce, fitilar ratayawa mai hannu shida. Lokacin da ya tsince ta a tarin ƙarafa, gangar jikin ce kawai da hannu biyu, ta yi baƙi ƙirin. Sauran huɗun nemansu ya ci masa ƙuruciya. Ɗaya a shagon wani mai faci ya same shi, an kafa shi a bango ana rataya tayoyi. Wani hannun kuma sai da ya yi wa wata tsohuwa gyaran wutar gidanta kaf kafin ta sakar masa shi. Ranar da ya ɗaura na shidan ya rataye ta a falo, furfura ta riga ta cinye masa kai. Ya kira ni na zo, ya kunna ta da rana tsaka, ya tsaya yana washe baki. Ban taɓa ganin ya kalli ɗayanmu haka ba, kuma na ji haushi, amma fitilar ta yi kyau.

Bara ciwo ya kayar da shi. Ɓarin damansa ya shanye, bakin ya mutu, sai ido da hannun hagu. Aka yanke shawara zai koma gidan Babban, a rufe nasa. Ƙananan fitilun aka yi ta rabawa maƙwabta. Da aka zo kan mai hannu shida sai rigima ta tashi. Mutanen da ba su taɓa goge mata ƙura ba, kowa ya tuna yana sonta. Babban ya ce shi ne babba. Macen ta ce a ƙarƙashinta uwarsu ta ƙare rayuwarta tana shara. Auta ya ce falonsa ne kaɗai mai tsawon da za ta shiga.

Na ce, "Ku rataye ta inda ubanku zai kwanta mana, ya riƙa gani."

Babban ya ce, "Gwaggo, silin ɗakin gajere ne. Ga yara kuma, in ta faɗo fa?"

Suka yi ta ja har gaisuwa ta fara yi musu wuya. Daga ƙarshe Babban ya kawo abin da ya kira adalci: kowa hannu biyu, a yi musu gindi a kafa a bango. Gangar jikin kuma a ba Gwaggo, wai don kar na ce an manta da ni. Ba wanda ya tambayi mai ita, tunda ba ya iya amsawa.

Ranar tashi, da hantsi, aka sauko da ita aka kwantar a kan bargo a tsakar falo. Yaya yana kan kekensa na marasa lafiya a bakin ƙofa, an sa masa hula a karkace, ana jiran mota. Babban ya ɗauko filaya daga akwatin uban, ya cafki notin hannun farko ya murɗa da ƙarfinsa. Tagullar ta yi ƙara. Yaya ma ya yi wani sauti daga maƙogwaro.

"Ruwa yake so," in ji macen.

Ba ruwa yake so ba. Hannun hagun ya ɗaga yana nuna taga, inda ɗan gwangwanin mansa yake. Na ɗauko na kawo, zuciyata na cewa jifansu zai yi da shi, kuma da ya yi da na taya shi. Sai ya yi alama a tura kekensa kusa da fitilar. Ya ture filayar, ya nuna a ɗiga man a kan notin. Babban zai murɗa, ya riƙe masa hannu, a jira. Da man ya shiga, ya sa shi ya naɗe notin da tsumma, ya ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan, sannan ya kwance a hankali. Hannun ya fito sumul, ko ƙwarzane babu.

Su ukun suka durƙusa a gabansa, shiru, suna bin yatsansa. Abin da ya nema a wurinsu tun suna yara ke nan, sai ranar ya samu. Ɗaya bayan ɗaya ya nuna musu, har na shagon mai faci, har na tsohuwar. Idonsa na zubar da ruwa, macen tana share masa da gefen mayafinta tana cewa ciwon ne yake sa shi haka.

Da suka gama, kowa ya naɗe rabonsa a jarida. Auta ya miƙe yana kaɗe gwiwa, ya dube ni.

"Kin gani ko, Gwaggo? Ke kaɗai kika ɗaga hankalinki. Baba ma ya yarda."

Na sunkuya na ɗauki gangar jikin, da ramukanta shida. Da zan wuce, Yaya ya kamo zanena da hannun hagun, ya tura mini gwangwanin man.