Makullin da Malam Tasi'u Ya Hana Surukinsa

Duk mai fita da sassafe a garinmu Tsamiyar Kara ya san abin da zai tarar a rumfar da ke bayan famfon sola. Malam Tasi'u ne a durƙushe, hula a aljihu, yana leƙa ƙarƙashin motar ƙungiyarmu kamar mai neman ƙwan zabuwa. Batir yake dubawa. In ya gamsu, sai ya zare wayar caji ya naɗe, ya goge gilashi, ya kori kaji, ya bi ƙofar gidaje yana kwasar jarkokin man gyada da buhunan ƙuli-ƙuli. Motar lantarki ce, ba ta tari ba ta hayaƙi, har sai da ya ɗaura mata ƙararrawa don awakin da ke kwanciya a hanya tsakanin gonaki. Shekara biyar kenan yana wannan, bayan talatin da ya yi yana jan bas daga Minjibir zuwa birni. Yanzu ido ya fara yi masa gardama, ranar Juma'ar nan zai ajiye tuƙi. Shi ya sa na ɗauki biro. Aji huɗu na yi a firamare, amma abin da na gani da idona ba sai da digiri ba.

Mu mata arba'in ne masu matsar gyada. Da adashe da wani tallafi muka samu 'yar motar nan mai cin mutum bakwai. Ita ke kai kayanmu kasuwa, ita ke kai mai naƙuda asibiti. Ranar da ta iso, wani ɗan tasha ya biyo ta da takarda, wai inshora ce, kuɗinta bai fi na kaza ɗaya ba. Barira shugabarmu har ta fara kwance bakin zani. Malam Tasi'u ya karɓi takardar, ya juya ta gaba da baya, ya mayar masa.

"Wannan ta nuna wa 'yan sanda ce," in ji shi. "Ranar da mota ta faɗa rami, ko kunna murhu ba za ta yi ba."

Shi ya tafi birni da ƙafarsa, ya nemo inshora ta gaskiya irin wadda malamai suka amince da ita, takaful, wadda ta haɗa har da batir. Ashe batirin nan ya fi rabin kuɗin motar. Da aka faɗa masa farashin inshorar, an ce sai da ya nemi ruwan sha. Amma bai tashi ba. Ya zauna ya yi ta ciniki kamar mai sayen rago. Motar za ta kwana a rumfa mai ƙofa da kwaɗo, aka rage. Ba za ta wuce birni da Zakirai ba, aka rage. Za a biya na shekara gaba ɗaya da kaka in an sayar da gyada, maimakon wata-wata, aka rage. Sai babban ragin: a rubuta direba ɗaya tak, shi kaɗai. In wani ya riƙe sitiyari wani abu ya faru, babu ko sisi. Ya sa hannu.

To, a nan ne ya jawo wa kansa. Ku da kuke birni ba za ku gane ba. Mu nan komai aro ake yi: turmi, garma, amalanke, har babbar rigar ɗaurin aure. Wanda ya hana aro, sunansa ya ɓaci har jikoki. Mai unguwa ya aiko a ba ɗansa mota, Malam Tasi'u ya ce shi zai kai shi. Yayansa uwa ɗaya uba ɗaya ya zo, ya ce shi zai kai shi. Kuma yana kaiwar, ko abinci yake ci zai wanke hannu. Amma makulli yana ɗaure a mazagin wandonsa.

Sai ga bikin Munir, autan Alhaji Kamaruddeen. Alhajin nan shi ne uban Humaira, matar Malam Tasi'u. Suruki ke nan, wanda ko sunansa ba ya iya faɗa, in ya hango shi tafe sai ya sauya hanya. Munir yana da lasin, yana so ya ja motar da kansa zuwa walima a Zakirai, abokai su gani. Alhaji ya tako har rumfa a gaban jama'a, ya miƙa hannu.

Ina tsaye a famfo da bokitina, wanda ya cika tuntuni. Malam Tasi'u ya cire takalmi, ya tsuguna, kansa a ƙasa.

"Baba, ni zan kai su. Zan jira su har su gama."

"Makulli na ce."

"Baba, a gafarce ni. Amanar mata ce."

"Ni na ba ka 'yata, ban ce amana ba ce na hana ka!"

Amma hannun Malam Tasi'u bai je mazagi ba. Alhaji ya juya, ya yi hayar wata mota. Shekara biyu bai amsa gaisuwarsa ba. Humaira ta yi yaji na kwana tara. Gari ya laƙaba masa Tasi'u Rowa, kuma ba zan ɓoye ba, a bakina aka fara jin sunan, a gidan suna. Allah Ya yafe mini, shi ma na roƙe shi.

Kai ne ka haɗiye wannan duka, Malam. Kana tuƙi muna bayanka muna yi da kai, a motar da ko raɗa aka yi sai an ji, ba ka taɓa waiwayowa ba. Ƙaramin kwarzane kuwa ba ka kai wa kamfanin inshora kuka, sai ka gyara abinka, don ka ce shekarar da ba a nemi komai ba ana ƙara ragi. Sarkin haƙuri, mai riƙon abin mutane!

Daminar bara abin ya faru. Ranar kasuwar Minjibir, da la'asar, su Malam Tasi'u suna dawowa cikin yayyafi, wata tifa mai yashi ta zame ta ture su cikin kwalbati. Barira ta karye a hannu. Malam Tasi'u ya bugu a kai, a sume aka kai shi asibiti. Batir ya tsage, ruwa ya shige shi. Aka ce in ba a canza batirin ba, motar ta zama akurkin kaji. Mu kuwa ko mun sayar da gyadar shekara uku ba za mu iya ba.

Ga wata sabuwa: Munir yana kujerar gaba a ranar, fasinja ne, ya biya kuɗinsa. Direban tifa, don ya wanke kansa, ya ce ai saurayin nan ne ke tuƙi, ba dattijon ba. Kamfani ya turo mutuminsa, wani siriri mai tabarau da jaka. Matan da ke cikin motar suka rantse masa cewa Malam Tasi'u ne ke tuƙi, ya rubuta yana taɓe baki.

"Inna, ku ne masu motar," ya ce da ni. "Kuma na san ƙauye. A ce ƙanin matarka ya nemi tuƙi ka hana shi? Ba a yi."

Na ce, "Ɗan nan, kada ka tambayi masu son sa. Ga gida can mai koren ƙyaure. Je ka tambayi wanda ko sallamarsa ba ya amsawa."

Na raka shi, don kada ya ɓata, duk da gidan ana hango shi. Alhaji Kamaruddeen yana kan buzu a zaure. Baƙon ya gaishe shi, ya tambaya a hankali ko Malam Tasi'u yakan ɗan ba Munir mota.

Alhaji ya ajiye carbi.

"Wa? Tasi'u? Wannan mai taurin kan? Yaro, ni da gemuna na je, ranar auren ɗana, a gaban mutane ya hana ni! Munir ko madubi ya taɓa sai ya goge wurin. Kai, ko gwamna ne ya zo a baya zai zauna! Ka rubuta, ka rubuta da kyau, in ji ni, marowaci ne!"

Ya yi ta zuba har jijiyar wuya ta tashi. Mai tabarau yana rubutu, kafaɗarsa na rawa. Da muka fito ya ce mini shekararsa goma sha biyu a aikin nan, bai taɓa jin shaidar da ta kai zagin nan ƙarfi ba. Ya bi ta wurin mai shayi da masu faci, kowa ya ba shi labarin ranar da aka hana shi.

Bayan sati bakwai motar ta dawo da sabon batir. Ranar, mata suka yi ta guɗa kamar an kawo amarya. Alhaji ya fito da sandarsa ya tsaya a bakin hanya. Malam Tasi'u ya taka birki, ya fito zai tsuguna.

"Tashi, tashi," in ji Alhaji. "Buɗe mini baya. Asibiti za ka kai ni, gwiwa ta dame ni." Da ya zauna ya gyara riga, sai ya ƙara da cewa, "Ka kyauta." Humaira ta ce a daƙile ya faɗa, amma ni na ji sarai.

Malam Tasi'u, mun gode. Jariran da aka haifa a asibiti maimakon a kan hanya sun gode, ko ba su san ka ba. Ka yarda a kira ka marowaci don kada abin mata arba'in ya salwanta. Allah Ya ƙara wa idonka haske, Ya saka maka da gidan Aljanna.

Ku kuma masu motoci da kekuna masu caji da na ga suna yawaita, ku bar takardar ɗan tasha, ku je ku yi ta gaskiya, ku zauna ku yi ciniki, abin da kuka sa wa hannu kuma ku riƙe shi. An riga an je birni an rubuta sunan sabon direbanmu. Shi ma zai hana ku makulli. In ya hana, ku buɗe baya ku shiga.