Tsakuwar Tarka a Ƙwaryar Yaya Isufu

Shekara tara ke nan da rasuwar wana, Yaya Isufu mai gidan kallo a Belbeji, kuma har yau in na ji ana lissafin finafinan da suka fi fice a shekara, sai ƙwaryarsa ta faɗo mini a rai.

Shi ma yana da tasa gasar. Bayan kaka sai ya jera ƙore bayan zana, kowane fim da ƙwaryarsa, mai kallo ya shiga shi kaɗai ya jefa tsakuwa ɗaya. Fim ɗin da ya ci, a nuna shi kyauta ranar kasuwa. Ni ne mai ƙidaya, don ni mushen lakwal ne, wato malamin makarantar boko, wai ba na cuta.

A shekarar ƙarshe finafinai biyu suka kara: na soyayya mai waƙoƙi, da na wani makiyayi da rijiya ta ƙafe masa. Makiyayan fadamar Tarka sun kalli na rijiyar sau ba adadi, wasu har da hawaye. Ni kuwa na ga samarin gari ne ke cika rumfar kallon kullum, kada a ɓata musu. Na ɗebi tsakuwa cikin hannu daga ƙwaryar rijiya na juye a ta soyayya. Wallahi, a raina taimakon Yaya nake yi.

Ashe makiyayan daga fadamarsu suka zo da tsakuwarsu, baƙa wuluk, tamu ta gari kuwa fara. Da aka faɗi sakamako, dattijonsu Agali ya leƙa ƙwaryar soyayya ya ce, "Isufu, yaushe duwatsunmu suka koyi rawa?"

Yaya ya dubi ƙwarya, ya dube ni. Ya ce, "Kuskurena ne, ku yi haƙuri." Na ci gaba da tattara ƙore, na bar shi da laifin.

Ba su sake taka rumfar ba. A kasuwar dabbobi aka riƙa ce masa Isufu mai juye ƙwarya, da wannan sunan ciwo ya kwantar da shi kafin wata kakar. Ko sau ɗaya bai tayar mini da zancen ba, wannan ya fi komai ci mini rai.

Yau kowa na kallo a salularsa, kai a sunkuye, gwanayen shekara kuma daga nesa ake aiko mana da su. Da yana nan, na san zai yi tsaki ya ce, "Mushe, wa ya ga ƙwaryarsu?" Ni ba ni da bakin yin wannan tambaya.

Rumfar ta rushe, telen da ake nuna fim a ciki ta mutu, sunan ne kawai ya ƙi mutuwa. Satin jiya 'yarsa Hadiza ta dawo daga kasuwa ido jawur, ta ce, "Baba, da gaske babana ya cuci mutanen Tarka?" An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, nawa ya haura shekara tara.

To Hadiza, da Agali in yana raye, ku ji: fim ɗin rijiya ne ya ci. Isufu bai taɓa ƙwaryar nan ba. Hannuna ne.